Masaƙar da Ta San Lokacin Tsayawa: Yadda Ƙwayar Halitta Ke Taƙaita Ƙera Furotin a Halin Tsanani



An nemi mu yi magana a kan wani abu daga kimiyyar halittu wanda zai amfani malamin kimiyya, ya kuma amfani wanda fanninsa Hausa ne ko lissafi ko tarihi. Sai muka zaɓi wani lungu da manhaja ta tsallake. Duk wanda ya koyar a babbar sakandare ya san zanen nan da muke yi a allo: DNA, kibiya, RNA, kibiya, furotin. Ɗalibi ya kwafa, ya haddace, ya ci jarrabawa. Zanen gaskiya ne, sai dai yana barin yaro da zaton cewa aikin tamkar famfo ne da aka buɗe aka manta da shi, yana zuba dare da rana. Alhali kuwa ƙwayar halittar ɗan Adam, da ta sauran dabbobi masu shayarwa, tana da hanyoyi da dama na rufe famfon nan cikin 'yan mintoci idan zafi ya tsananta, ko abinci ya yanke, ko iskar oksijin ta yi ƙaranci, ko cuta ta kutsa kai. Rayuwarta ta rataya ne a kan ta rufe da wuri, ta kuma buɗe idan lokaci ya yi. Akwai yara a duniya da ke rasa tafiya da magana bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki domin makullin ya samu tangarɗa. Saboda haka batun ya wuce na jarrabawa.

Masaƙa da tsadar aikinta

Bari mu fara da tuna wa juna abin da muka sani. Furotin sarƙa ce da ake haɗawa daga tubala iri ashirin, waɗanda ake kira amino asid. Umarnin jera su yana rubuce a cikin DNA, amma DNA ba ya barin ɗakinsa, sai a kwafi umarnin a kan RNA ɗan saƙo, wanda za mu riƙa kira takardar saƙo. Ita takardar takan je hannun ribozom, wanda za mu kwatanta da masaƙa. Masaƙar tana karanta haruffan takardar uku-uku, kowane uku na nufin amino asid guda, tana ƙulla su ɗaya bayan ɗaya, kamar biyar ko shida a kowace daƙiƙa. A cikin ƙwayar halitta guda ana samun irin wannan masaƙa miliyoyi.

Aikin yana da tsada ainun. Kowane ƙulli guda yana cin kimanin awo huɗu na makamashin ƙwaya, kuma idan aka tara lissafi, ƙera furotin yana lashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makamashin da ƙwayoyin jiki ke kashewa. Duk magidancin da ya taɓa ganin rumbu ya yi ƙasa ya san inda ake fara tsimi: daga abin da ya fi cin hatsi.

Akwai dalili na biyu, wanda ya fi na farko hatsari. Sarƙar furotin ba ta da amfani sai ta naɗe zuwa wata siffa ta musamman, kamar yadda ƙyalle ba ya zama rawani sai an naɗa shi bisa ƙa'ida. Zafi yana warware wannan naɗi. Furotin da ya warware yakan manne da ɗan'uwansa, su dunƙule, irin abin da muke gani idan farin ƙwai ya daskare a kasko. Sabuwar sarƙar da ke fitowa daga masaƙa ba ta riga ta naɗe ba, don haka ita ce ta fi kowa rauni. Ƙwayar da ta ci gaba da saƙa a cikin tsananin zafi tana tara wa kanta guba ne da hannunta.

Abin da zafi ya tona

Labarin ya faro ne daga kuskure. A 1962, wani masani ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, yana nazarin kuromozom na jakar yawun tsutsar ƙudan 'ya'yan itace. Wani abokin aikinsa ya ƙara zafin akwatin da ake ajiye tsutsotsin. Da Ritossa ya duba ta madubin ƙara girma, sai ya ga waɗansu wurare a jikin kuromozom ɗin sun kumbura, alamar ana kwafar umarninsu da gaggawa. Sai a 1974 Alfred Tissières da abokan aikinsa a Kaliforniya suka nuna cewa a lokacin zafin, ƙera yawancin furotin yakan ja baya, amma waɗansu 'yan tsiraru sukan ƙaru matuƙa. Aka kira su furotin ɗin girgizar zafi. Daga baya aka tarar da su a jikin kusan kowane mai rai, daga bakteriya har ɗan Adam.

Fitacce a cikinsu shi ne HSP70. Aikinsa ya riƙe furotin da ya warware, ya hana shi mannewa da wani, ya taimaka masa ya sake naɗewa. A lokacin lafiya, irin waɗannan masu reno suna danne wani furotin mai suna HSF1. Idan zafi ya zo, warwararrun furotin suka yi yawa, sai masu renon su saki HSF1 su tafi inda gobara take. Shi kuwa da ya samu sake, sai ya haɗu da 'yan'uwansa uku-uku, su hau kan DNA su ba da umarnin ƙera ƙarin masu reno. Wato ɓarnar da kanta ce ke buga ƙararrawa.

Makulli ɗaya, masu gadi huɗu

Yaya ake tsayar da miliyoyin masaƙu a lokaci guda? Amsar tana wurin fara saƙa. Masaƙa ba ta soma aiki sai an kawo mata amino asid na farko, wato mitiyonin, kuma akwai ɗan dako na musamman da ke kawo shi, sunansa eIF2. Duk sa'ad da ya sauke kaya, cajinsa ya ƙare ke nan, sai ya je wurin wani furotin mai suna eIF2B a sake yi masa caji. Mu ɗauki eIF2B a matsayin shagon cajin waya na bakin kasuwa, inda masu neman caji suka fi ramukan soket yawa.

To, idan tsanani ya zo, sai a liƙa wa eIF2 ɗan ƙaramin sinadarin fosfet a kan amino asid na 51 na ɗaya daga cikin sassansa uku. Wanda aka liƙa wa, idan ya je shagon caji, sai ya maƙale a soket, bai yi caji ba, bai kuma bar wani ya yi ba. Da yake ramukan kaɗan ne, ba sai an liƙa wa kowa ba. Kaso kaɗan ya isa ya toshe shagon. 'Yan dako suka rasa caji, masaƙu suka rasa kayan farko, sabuwar saƙa ta tsaya.

Masu liƙa wannan fosfet su huɗu ne a jikin dabbobi masu shayarwa, kowa da ƙofar da yake gadi.

Na farko, HRI, an gano shi ne a jinin zomo. Tun a shekarun 1960 Irving London da waɗansu masana a Amurka suka lura cewa jajayen ƙwayoyin jini da ba su gama nuna ba sukan daina ƙera gulobin idan babu sinadarin hem, wanda ke ɗauke da ƙarfe. Hikimar a fili take. Himogulobin guda sarƙoƙin gulobin huɗu ne da hem huɗu, kuma gulobin da bai samu hem ba yakan dunƙule ya lalata ƙwayar. Jikinmu yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini kimanin miliyan biyu a kowace daƙiƙa, kowace tana ɗauke da himogulobin kusan miliyan 270. Idan ƙarfe ya yi ƙaranci a abinci, HRI yakan rage saƙa daidai gwargwadon hem ɗin da ke akwai, shi ya sa ƙwayoyin jinin mai ƙarancin ƙarfe suke fitowa ƙanana, koɗaɗɗu. A 2001 ɗakin binciken Jane-Jane Chen ya nuna cewa ɓerayen da aka cire wa HRI, idan aka hana su ƙarfe, gulobin yakan dunƙule a ƙwayoyinsu, ƙarancin jinin ya fi muni. Yaron nan da muke gani a aji, cikin idonsa fari fat, yana gyangyaɗi tun kafin a fita tara, mai yiwuwa wannan lissafi ne ke gudana a ɓargonsa.

Na biyu, PKR, maƙiyin bairos ne. Bairos ba shi da masaƙa tasa, da ta ƙwayar da ya shiga yake saƙa. Yawancinsu sukan samar da RNA mai igiya biyu yayin da suke hayayyafa, PKR kuwa da ya ji wannan igiya biyu sai ya rufe masaƙu, ƙwayar ta gwammace ta zauna babu aiki da ta yi wa baƙo bauta. Su ma bairos ɗin ba su kwanta ba. Na mura yana da furotin da ke danne PKR. Na zazzaɓin Rift Valley, wanda ya ɓarke a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar a 2016 ya taɓa makiyaya da dabbobinsu, yana ɗauke da furotin mai suna NSs da ke sa ƙwayar ta rusa nata PKR ɗin da kanta.

Na uku, PERK, yana zaune ne a bangon wani sashe na ƙwaya mai lunguna da yawa, inda ake naɗe furotin da za a fitar waje, kamar insulin. Idan kayan da ba su naɗu ba suka taru a lungunan, PERK ya dakatar da shigo da sabo. Heather Harding da David Ron na Jami'ar New York suka bayyana shi a 1999.

Na huɗu, GCN2, mai lura da yunwa ne. Kowane amino asid yana da motar da ke kai shi masaƙa, wato tRNA. Idan wani amino asid ya yanke, motocinsa sukan yi ta yawo babu kaya, GCN2 ya gane hakan ya ja birki. Alan Hinnebusch ne ya fara warware wannan hanya a cikin yis tun a shekarun 1980, kafin a tarar da ita a jikinmu.

Ƙofofi huɗu, amma makullin guda ne. A 2003 Ron da abokan aikinsa suka raɗa wa tsarin suna mai ma'anar haɗaɗɗen martani ga matsi, kuma da shi ake kiransa har yau.

Saƙon da sai a yunwa ake karanta shi

Da a ce komai ne ya tsaya cik, da ƙwayar ba ta iya gyara kanta ba, domin kayan gyaran ma furotin ne. Nan ne wani abin mamaki yake. Akwai takardar saƙo ta furotin mai suna ATF4 wadda ba a cika karanta ta ba sai lokacin da sauran suka tsaya. A gaban ainihin saƙonta akwai waɗansu gajerun saƙonni biyu. Masaƙa takan saƙa na farko, ta ci gaba da tafiya a kan takardar tana jiran ɗan dako ya kawo mata sabon mitiyonin. A lokacin wadata, ɗan dakon yakan zo da sauri, sai ta fara saƙa a kan gajeren saƙo na biyu, shi kuwa wannan yakan wuce da ita ta bayan mafarin ATF4, ta rasa shi. A lokacin tsanani 'yan dako sun yi ƙaranci, masaƙar ta wuce mafarin saƙo na biyu hannu rabbana, kafin kaya su iso ta kai daidai mafarin ATF4. Jinkirin da ya hana kowa, shi ne ya buɗe wa wannan hanya. ATF4 kuwa shugaban gyara ne: yana ba da umarnin ƙera masu shigo da amino asid, da masu kare ƙwaya daga sinadarai masu ci kamar tsatsa, da masu narkar da tsofaffin kaya a sake amfani da su.

Birki na biyu da rumbun ajiya

Ƙwaya ba ta dogara da birki ɗaya ba. A tsakiyar shekarun 1960 wata tawagar masana daga Kanada ta ɗebo ƙasa daga tsibirin Rapa Nui da ke tekun Fasifik. Daga bakteriyar ƙasar aka fitar da wani sinadari da aka kira rafamaisin. Bin sawunsa ne ya kai Michael Hall na birnin Basel ga gano furotin TOR a cikin yis a 1991, aka kuma samu takwaransa a dabbobi masu shayarwa, mTOR, a 1994. Shi mTOR tamkar ma'aji ne: yana duba ko akwai amino asid, da makamashi, da oksijin, da izinin girma. Idan akwai, ya bar saƙa ta gudana. Idan babu, ya yi shiru, sai wani furotin mai suna 4E-BP ya riƙe eIF4E, wanda shi ne ke kama kan takardar saƙo ya gayyato masaƙa. Takardun da suka fi jin wannan birki su ne na ƙera sababbin masaƙu. A shekarar fari, ai ba a faɗaɗa gida.

Ina takardun da aka dakatar suke zuwa? A 1999 Nancy Kedersha da Paul Anderson na birnin Boston suka nuna cewa a ƙwayoyin dabbobi masu shayarwa sukan taru tare da waɗansu furotin su zama 'yan dunƙule-dunƙule da ake iya gani ta madubi. Ba su da bango. Suna ware kansu ne kamar yadda ɗigon man gyaɗa ke warewa a cikin ruwa. Idan tsanani ya wuce, sai su narke, takardun da yawa su koma bakin aiki. An tarar cewa waɗansu furotin da ke shiga waɗannan dunƙule, irin su TDP-43 da FUS, su ne kuma ake samu a daskare a cikin jijiyoyin masu cutar shanyewar tsoka da ake kira ALS.

Idan tsananin ya kai intaha

Duk abin da muka ambata ya shafi hana fara sabuwar saƙa. Masaƙun da suka riga suka hau hanya fa? A 2009 Nicholas Ingolia da Jonathan Weissman suka ƙirƙiro dabarar gano inda kowace masaƙa take tsaye a kan takardarta, ta hanyar narkar da duk RNA ɗin da ke fili a bar gutsuren haruffa kimanin talatin da masaƙar ta rufe da jikinta. Da wannan dabara, a 2013, Reut Shalgi da abokan aikinta a cibiyar MIT suka sa ƙwayoyin ɓera a zafin digiri 44 na tsawon awa biyu. Suka tarar masaƙu sun yi cincirindo a farkon takardu dubbai, kusa da amino asid na 65, sun kasa wucewa. A shekarar kuma ɗakin binciken Shu-Bing Qian na Jami'ar Cornell ya ga irin wannan tsaiko a ƙwayoyin da aka cika da lalatattun furotin.

Wurin tsayawar yana da ma'ana. Sabuwar sarƙa tana bi ta wani rami ne a jikin masaƙa, mai ɗaukar amino asid talatin zuwa arba'in, sannan ta leƙo waje, inda HSP70 ke jiranta kamar ungozoma. A tsananin zafi an janye HSP70 zuwa wajen ceto, jaririyar sarƙa ta leƙo ba ta ga mai karɓa ba, masaƙa ta dakata. Masanan sun kuma ga cewa ƙwayoyin da aka fara ɗanɗana wa matsakaicin zafi, har suka tara HSP70, ba su tsaya sosai ba da babban zafin ya zo. Sabo da wahala yana da tushe har a cikin ƙwaya.

Haka nan idan hasken ultirabayolet na rana ya lalata takardar saƙo, masaƙa ta maƙale a wurin, ta baya ta zo ta buge ta. A 2020 ɗakin binciken Rachel Green na Jami'ar Johns Hopkins ya nuna cewa ƙwaya tana auna yawan wannan karo. Idan matsakaici ne, GCN2 ya rage saƙa a samu sarari. Idan ya yi yawa, wani furotin mai suna ZAK ya tura ƙwayar hanyar mutuwa.

Iyakar wannan baiwa kuwa tana wurin kuregen ƙasashen sanyi, mai kwanciyar hunturu. A 1989 Brian Barnes ya auna zafin jikin kuregen Alaska ya same shi ƙasa da sifiri da kusan digiri uku, dabbar kuma tana da rai. A irin wannan kwanciya, ƙera furotin a ƙwaƙwalwar kurege yakan faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na yadda yake a farke. Takardun saƙo suna nan a ajiye, masaƙu suna nan, da jiki ya ɗumama aiki ya ci gaba.

Buɗewa bayan rufewa

Rufe masaƙa magani ne na ɗan lokaci, domin furotin yana tsufa kuma dole a maye gurbinsa. Saboda haka tsarin yana ɗauke da mabuɗinsa. Daga cikin abin da ake ƙerawa a lokacin tsanani akwai GADD34, wanda ke jagorantar wani enzayim ya ɓamɓare fosfet ɗin nan daga jikin eIF2, shagon caji ya buɗe. Idan kuwa tsananin ya ƙi wucewa, wani furotin mai suna CHOP yakan taru, ya karkata ƙwayar zuwa mutuwar da aka tsara, ta naɗe kayanta ta kau, don kada ta cutar da maƙwabta.

Kuskure ta kowane ɓangare yana da sakamako. Akwai wata cuta da ba kasafai ake samunta ba, ciwon Wolcott-Rallison, inda jariri ke gadon lalataccen PERK daga uwa da uba. Ƙwayoyin fankiriyas masu ƙera insulin ba su da birki, sai su cika da kayan da ba su naɗu ba, su mutu, jaririn ya kamu da ciwon sukari tun yana 'yan watanni. An fi samun ciwon a al'ummomin da auren zumunta ya yawaita.

Ta ɗaya ɓangaren akwai cutar da muka yi ishara da ita a farko, mai narkar da farin sashen ƙwaƙwalwa. Likita Marjo van der Knaap ta birnin Amsterdam da abokan aikinta suka gano a 2001 cewa lahanin yana jikin eIF2B ne, wato shagon cajin da kansa. Yaro yakan taso lafiya, sai zazzaɓi, ko ɗan bugu a ka, ko firgita mai tsanani, ya sa shi ya koma baya farat ɗaya, wani lokaci har ya kai ga doguwar suma. Shagon dama da ƙyar yake aiki, ƙaramin toshewa ya isa ya durƙusar da shi. Ita ma wannan cuta ba ta da yawa, kada iyaye su tsorata da kowane zazzaɓi. Mun kawo ta ne domin ta nuna nauyin da ke kan wannan makulli. Haka kuma idan zuciya ta tsaya na 'yan mintoci aka farfaɗo da mutum, saƙa takan tsaya a ko'ina cikin ƙwaƙwalwa. Inda ta dawo ƙwayoyi su rayu, amma a wani yanki na cibiyar tunawa takan ƙi dawowa, ƙwayoyin wurin su mutu bayan 'yan kwanaki.

Abin da ya shafe mu a aji

Sana'armu ita ce sa abu ya zauna a kan yaro, kuma wannan ma aikin masaƙa ne. Tun a 1963 Josefa da Louis Flexner suka nuna cewa idan aka hana ƙwaƙwalwar ɓera ƙera furotin, abin da ya koya yakan ɓace. A 2007 Mauro Costa-Mattioli da Nahum Sonenberg na Jami'ar McGill suka tarar cewa ɓerayen da aka sassauta wa birkin eIF2 sun fi saurin riƙe darasi. A 2013 Carmela Sidrauski, a ɗakin binciken Peter Walter da ke San Francisco, ta gano wani sinadari, ISRIB, mai ƙarfafa eIF2B, wanda ya inganta tunawa a ɓeraye. Amma mu yi hattara: ɓera daban, mutum daban. A farkon 2025 aka sanar cewa magunguna biyu masu aiki ta wannan hanya ba su rage gudun cutar ALS ba a gwajin da aka yi da marasa lafiya. Duk wanda ya zo ƙofar makaranta da kwalbar maganin ƙara basira, ya ce kimiyya ce ta tabbatar, aljihun iyaye yake nema.

Abin da ke hannunmu ya fi wannan araha. A 2016 ɗakin binciken Ted Abel ya nuna cewa hana ɓera barci na awa biyar yana rage ƙera furotin a cibiyar tunawa ta hanyar mTOR da 4E-BP, tunawar kuma ta raunana. Wannan ya dace da abin da aka daɗe da sani a kan mutane, cewa barci yana tabbatar da abin da aka koya. Ɗalibin da ya kwana bai rintsa ba daren jarrabawa ya zuba hatsi ne a buhu mai huji, kuma mu da iyayensa ne za mu gaya masa.

Sai batun zafi. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin Afrilu yakan haura digiri 40, kuma mun san yadda aji mai rufin kwano yake da azahar. Jiki yana riƙe zafinsa kusa da digiri 37 ta hanyar gumi, muddin akwai ruwa. Idan zafin cikin jiki ya wuce 40, mutum ya rikice ko ya suma, to an shiga halin da muka bayyana: furotin na warwarewa, masu reno sun gaza. Wannan lamari ne na gaggawa. A kai yaro inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa shi da ruwa mai sanyi, a yi masa fifita, a garzaya asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a hanya. Sabon jiki da zafi yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu, saboda haka wasannin motsa jiki da sharar fili a farkon bazara su kasance da sassafe, a kuma ƙara su sannu a hankali. Randar ruwa a bakin aji tana cikin kayan koyarwa.

Ga 'yan'uwanmu malaman kimiyya, roƙonmu ƙarami ne. Idan mun zana kibiyar nan ta biyu, daga RNA zuwa furotin, mu ɗan tsaya mu zana ƙofa a kanta, mu tambayi ɗalibai wane ne ke rufe ta, da dalilin rufewar, da abin da zai faru idan ta ƙi buɗewa. Ƙwai guda da ruwan zafi sun isa su nuna musu warwarewar furotin, shagon caji na bakin kasuwa kuma ya isa ya nuna musu eIF2B. Yaron da ya fahimci wannan zai san dalilin da ya sa ake ce masa ya ci ganye da wake da nama, ya sha ruwa, ya yi barci, ba tare da an ɗaga masa bulala ba.

Shugaban taro, mun ci lokaci.  Yanzu fili naku ne, mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu.